Makina da Makin Ƙawata

A wayar Baba sakamakon jarabawar shiga jami'a ya fito, domin da lambarsa na yi rajista, ni a lokacin ba ni da waya. Ina zaune a tsakar gida ina tsinke zogale na ji tsayuwar babur ɗinsa a ƙofar gida, alhali ko azahar ba a kira ba. Baba ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a jami'ar da ke nan Wudil, shi yake shirya wa ɗaliban kimiyya kayan aiki. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya dawo gida kafin la'asar ba, sai in rasuwa aka yi. Umma ta fito daga madafi da ludayi a hannunta tana tambayar ko lafiya.

Ya yi sallama, ya miƙo mini wayar. "Uwata, karanta mana wannan." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Ɗari biyu da saba'in da ɗaya ne, cikin ɗari huɗu. Na karanta a fili, na sake karantawa a zuci don kada a ce idona ne ya ƙara mini. Umma ta ajiye ludayin a kan turmi ta yi ta hamdala. Baba kuwa dariya kawai yake yi, irin wadda ba a jin sautinta sai dai a ga kafaɗa tana rawa. Ya sha ruwa a tsaye ya koma wurin aiki, ya bar mana wayar wuni guda, abin da bai taɓa yi ba.

Likitanci na cike, kuma jami'ar da na sa a zaɓin farko ita ce babbar da ke cikin birnin Kano, wadda duk ɗalibin kimiyya a ajinmu yake mafarkinta. Tamu ta Wudil a lokacin ba wannan karatun ake zuwa nema ba. Kwana biyu na yi ina yawo a gida kamar an riga an ba ni gurbin. Na ma fara tunanin kalar akwatin da zan saya.

Ƙawata ta samu ɗari biyu da sittin da biyu. 'Yar Achika ce, iyayenta manoma ne, tun ajin farko na sakandare take zaune wurin gwaggonta a Sabon Gari, bayan layinmu. Benci ɗaya muka zauna shekara shida. Ita ma likitanci ta cike, a jami'a ɗaya da ni. Da ta zo gidanmu da yamma muka haɗa kai muna murna, amma ba zan ɓoye ba, a raina na ji daɗin cewa na fi ta da maki tara. Har na ji tausayinta kaɗan.

A rana ta uku Baba ya dawo daga aiki da wata fuska daban. Ya nuna wa abokan aikinsa sakamakon, kowa ya taya shi murna, sannan kowa ya ƙara da nasa bayanin. Wani ya ce makin ya yi kyau amma ga likitanci a waccan jami'ar yana bakin layi ne. Wani ya ce shi a saninsa sai wanda ya kusa ɗari uku. Wani kuma ya ce ɗan ƙanwarsa da ƙasa da haka ya shiga. Babu wanda ya san inda za a ja layin a shekarar, domin sai an ga yawan masu nema da irin makinsu, sannan a haɗa da jarabawar tantancewa wadda jami'ar za ta yi da kanta, da kuma sakamakon sakandare. Masu neman gurbin suna da yawa ƙwarai, kujerun kuma kaɗan ne. Wannan ne kaɗai abin da kowa ya yarda da shi.

Baba mutum ne da ba ya son a ce masa wataƙila. Aikinsa awo ne, in an ce ɗigo uku to ɗigo uku zai zuba. Sai ya sayi littafin rubutu mai layi, ya ja masa gidaje da rula, ya fara bin mutane yana tambaya. Duk wanda ya ji an ce ɗansa ko 'yarsa ta nemi likitanci a shekarun baya, sai ya je ya gaishe shi, a yi doguwar gaisuwa har a tambayi iyali da gajiya da damina, sannan ya kawo maganar: nawa yaron ya ci, wace jami'a, ya samu ko bai samu ba. Wasu su faɗa masa gaskiya, wasu su ƙara wa 'ya'yansu maki, wasu su ce sun manta. Cikin mako biyu ya tara mutum goma sha uku.

Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gidanmu ya kira ni. Mu duba waɗanda suka shiga, mu duba waɗanda aka bari, mu nemo inda nawa makin ya faɗa. Abin haushin, a tsakiya yake faɗawa. Akwai wanda ya fi ni kuma bai samu ba, akwai wadda ban kai ta ba da maki biyu ta samu, akwai wanda na fi kuma ya samu. Baba ya ɗauki littafin ya kai wa wani malamin lissafi a jami'arsu, mutumin Gombe, ya roƙe shi ya fitar masa da ƙiyasi. Malamin ya duba, ya yi dariya har da share ido, ya ce da mutum goma sha uku ba a ƙiyasin komai, balle ma uku daga ciki iyayensu ne suka ba da labari. Baba ya dawo ya faɗa mana wannan da bakinsa, yana dariyar kansa, amma washegari ya ƙaro mutum biyu.

A nan ne maganar sauya jami'a ta taso. Ana ba da dama na ɗan lokaci, wanda yake so ya canza zaɓinsa na farko kafin a fara tantancewa. Wani abokin aikin Baba ya ba shi labarin wata jami'a a wata jiha ta gabas, tafiyar kusan wuni guda a mota, wadda sashen likitancinta bai daɗe da buɗewa ba, masu nemanta ba su kai na Kano yawa ba. Da makina, in ji shi, zan kasance cikin na gaba-gaba a can. Sai dai akwai wani abu: irin waɗannan jami'o'in sukan fara duba 'yan jiharsu da na maƙwabta, abin da ya rage ne baƙi suke rabawa. Wato a Kano ni 'yar gida ce a cikin taro mai yawa, a can kuma baƙuwa ce a cikin taro kaɗan. Na kwana na tashi da wannan lissafin har ya zama ko wanke-wanke nake yi shi nake juyawa.

Umma tun farko ta ce ita ba ta ga dalilin tafiya nesa ba. Kano ga ta nan, in an hau mota a tasha aka haye gada, kafin shayi ya huce a fulas an isa. In na yi zazzaɓi za ta iya zuwa ta gan ni ta dawo a ranar. Ta ce wa Baba littafin nan nasa ya hana yarinya cin abinci. Gaskiya ta faɗa, na rame a makonnin nan, kuma littattafan da ya kamata in riƙa karantawa don jarabawar tantancewa suna kan taga, ƙura ta rufe su.

Na je wurin ƙawata da labarin. Na same ta a ɗakin gwaggonta ta baje takardun tambayoyin shekarun baya a kan tabarma, tana amsawa da fensir. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, yadda Baba yake yi mini, har da zana mata layi a bayan takarda. Na ce in ni mai saba'in da ɗaya ina bakin layi, to ita mai sittin da biyu ya kamata ta fi ni tunani. Na ce mu canza tare, mu tafi tare, ɗaki ɗaya.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni fa Babanmu ya ce Kano ce iyakata. In na samu, to. In ban samu ba in sake zama baɗi. Ba ni da abin da zan auna."

Na ce ai sai ta je Achika ta yi masa bayani. Ta ce in ta fara yi masa maganar maki da layi, zai tambaye ta ko ta ci jarabawa ko ta faɗi ne, in ta ce ta ci, shi ke nan magana ta ƙare. Ta miƙo mini takarda ɗaya ta ce in taimaka mata da wata tambayar fiziks. Na duba na ga na manta yadda ake yin ta. Ita ce ta ƙare da koya mini. Na koma gida ina cewa a raina yarinyar nan ba ta san abin da ke gabanta ba.

Ran wata Asabar Baba ya ɗauke ni a babur zuwa gidajen ma'aikatan jami'a, wurin 'yar wani abokinsa wadda take aji huɗu a likitanci a Kano, ta zo hutu. Na yi zaton zan ga wata mai fuskar manya, sai na tarar da siririyar budurwa tana cin gyaɗa dafaffiya a kwano, ƙafarta a kan kujera. Ta kawo mini wani littafi da ya kai bulo nauyi ta ɗora mini a cinya, ta ce wannan na zango ɗaya ne kawai. Na tambaye ta makin da ta shiga da shi. Ta ce a karon farko ta ci maki mai kyau ba ta samu ba, a karo na biyu ta ci ƙasa da shi ta samu, kuma har yau ba ta san dalili ba. Na tambaye ta in ita ce ni me za ta yi. Ta ce ba za ta zaɓar mini ba, amma duk wanda na zaɓa in daina waiwaye, in koma kan littafi, domin jarabawar tantancewar nan ita ce take ɗaga mutum ko ta sauke shi. A hanyar dawowa Baba ya ce yarinyar tana da hankali, amma ba ta ba mu lamba ko ɗaya da za mu rubuta ba.

Saura kwana biyar a rufe damar canjin, Umma ta ce mu je Lajawa mu gaida Inna, kakata ta wajen uba, wadda nake ɗauke da sunanta. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi, hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka daga mota ana turawa. Da muka isa na tarar Inna ta riga ta gama ba ni gurbin. Ta faɗa wa duk unguwar cewa takwararta ta zama likita. Ko hutawa ban yi ba mata suka fara shigowa. Wata ta kawo gwiwarta da take kumbura, wata ta kawo jaririnta mai ƙuraje a wuya, wata tsohuwa ta zo da ledar magunguna tana so in faɗa mata wanne ne na hawan jini. Wannan dai na iya, na karanta mata abin da ke jikin kwalin. Sauran na yi ta rantsuwa cewa ko ƙofar jami'a ban taka ba, su je asibiti. Suka ce kunya ce irin ta masu ilimi. Mai gwiwar ta tafi tana sa mini albarka, ban san a kan me ba.

Da aka watse muka zauna cin dambu, na yi wa Inna bayanin halin da nake ciki, a sauƙaƙe yadda zan iya. Ba ta damu da maki ba ko kaɗan. Sunan garin da ɗaya jami'ar take ta tambaya. Da na faɗa, sai ta ajiye cokalinta.

"Ai muna da mutum a can. 'Yar ƙanena ce, can aka kai ta aure, mijinta yana sayar da taya a bakin tasha. Shekara nawa ina cewa a kai ni in ga ɗakinta, ubanki yana ce mini hanya ba kyau."

Ta juya wurin Umma ta ce in dai nisa ne damuwarta, to yarinya ba daji za ta ba, gidan 'yar'uwa za ta. Ta kuma ƙara da cewa in na tafi can dole a kai ta ziyara, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Umma ta yi dariya ta ce wato Inna dai yawonta take nema. Inna ta ce ƙwarai kuwa, kuma ba ta ɓoye ba. A motar dawowa Umma ta ce in na ga can ɗin ya fi mini, ita ba za ta hana ba, amma in yi istihara tukuna.

Na yi. Ban ga komai a mafarki ba, sai dai na wayi gari zuciyata ta fi kwanciya da tafiya. Na san kuma tsoro yana ciki. Ba na son in zauna shekara guda a gida ina amsa tambayar mutane. Na faɗa wa Baba bayan ya dawo daga masallaci da safe. Ya tambaye ni ko saboda littafinsa ne. Na ce har da shi, amma ba shi kaɗai ba. Ya ce shi dai ya tattaro abin da ya iya tattarowa, zaɓin nawa ne, kuma duk yadda ta kaya kada in ce laifina ne, shi ma ba zai ce ba.

Ranar ƙarshe muka je cibiyar da ake yin canjin. Layi har waje, kowa da takardunsa a leda saboda hadari ya haɗo. Intanet ɗin yana zuwa yana ɗaukewa. Da aka zo kaina, ma'aikacin ya karanta makina, ya dube ni, ya tambaya ko na tabbata zan bar Kano. Na ce na tabbata. Na ɗora yatsa a kan na'ura, ya danna, firinta ta turo takarda da sunan sabuwar jami'ar. Muna fitowa ruwa ya sauko, muka fake a rumfar mai kifi kusa da gada. Baba ya saya mana soyayyen kifi muka ci a tsaye da yaji, muna kallon kogi yana cika. Rabon da in ji daɗin abinci haka tun ranar da sakamako ya fito.

Sai a lokacin na koma kan littattafaina, saura mako uku kacal a yi jarabawar tantancewa. Kullum da safe nakan tafi wurin ƙawata mu yi karatu tare, ko da yake jarabawarmu ba ɗaya ba ce yanzu. Nan na gane nisan da ta yi mini. Duk makonnin da na yi ina zana layi, ita tana amsa tambayoyi. Abin da zan yi minti biyar ina lalube, ita kafin in gama karanta tambayar ta zagaye amsa. Ba ta taɓa yi mini gori ba. In na kasa sai ta ce in sake dubawa, na sani mantawa na yi.

Baba ne ya raka ni jarabawar. Mun tashi bayan asuba, muka isa gab da magariba, ƙafafuna sun kumbura. 'Yar ƙanen Inna, wadda na kira Gwaggo tun daga ranar, ta tarbe mu kamar ta shekara tana jiranmu. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar da ban taɓa ci ba, ta yi ta tambayar mutanen Lajawa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu ba ta ji ba. Jarabawar a kwamfuta aka yi. Ba ta yi mini daɗi sosai ba, ba ta kuma yi muni ba. Da na fito Baba ya tambaye ni nawa nake ganin zan ci, na ce Baba don Allah a bar lissafin nan haka. Ya ce to, ya bari.

Daga nan sai jira. Aka yi girbi, aka fara sanyi. Wata ranar Talata da hantsi ƙawata ta shigo gidanmu ko mayafinta ba ta gyara ba, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta miƙo mini takarda. Lis na farko na jami'ar Kano ya fito, sunanta yana ciki, likitanci. Na rungume ta muka yi ta tsalle, Umma ta fito tana guɗa a hankali don kada maƙwabta su zata biki ne. Murnata ta gaske ce. Amma da ta tafi na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na fi ta da maki tara. Da na tsaya, da wataƙila sunana yana saman nata.

Da Baba ya dawo ya ji labari, ya yi murna, ya ce a kira masa ita ya sa mata albarka. Bayan la'asar na ga ya ɗauko littafinsa ya zauna yana ƙoƙarin gano inda da zan faɗa in da ban canza ba. Ya tambayi makin da ta ci a tantancewa, aka faɗa masa, maki ne mai yawa ƙwarai, irin wanda ban ga alamar zan ci ba da karatun mako uku. Ya fara cewa in aka haɗa wannan da wancan, sai Umma ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, ba ni littafin nan. Yarinya ta zaɓa, ta yi jarabawa, saura na Allah. Kana so ka sa ta kuka ne?"

Ya miƙa mata ba musu. Ta kai shi ɗakinta, ban sake ganinsa ba.

Kwana huɗu bayan haka lis na farko na tawa jami'ar ya fito, babu sunana. Wannan makon ne mafi wuya. Na daina fita ko islamiyya, don kada a tambaye ni. Ƙawata tana ta shirin rajista, amma kullum da yamma sai ta zo ta zauna da ni, ba ta kawo maganar makaranta sai in ni na kawo. Wata rana ta zo da rake ta ce mu sha, muka zauna muna tofar da ɓawo a faranti, ta ba ni labarin yadda babanta ya karɓi albishir. Yana sussukar dawa aka faɗa masa, ya ce madalla, ai dama ta ce ta ci, ya ci gaba da aikinsa. Sai da yamma aka gan shi ya kama zakara biyu ya yanka ya raba wa maƙwabta. Na yi dariya har na ƙware, karo na farko a makon.

Lis na biyu ya ɗauki kusan mako uku. Zuwa lokacin Baba ya saya mini ƙaramar waya, nakan duba shafin sau goma a wuni. Ranar da ya fito ma ba ni na gani ba, ina wanki hannuna duk kumfa. Gwaggo ce ta kira Umma daga can, ta ce mijinta ya sa wani ɗalibi da yake sayen taya a wurinsa ya duba allon sanarwa, kuma ya ga sunana, na goma sha wani abu daga sama. Ban yarda ba sai da na goge hannu na duba da kaina. Yana nan, likitanci. Na zauna a kan bokitin da na kife. Umma ta kira Baba a waya, muna jin sa yana faɗa wa mutanen ofishinsu tun kafin ya kashe.

Tafiyar kai ni makaranta ta zama ta mutum huɗu, ni da Baba da Umma da Inna, domin Inna ta ce alƙawari aka yi mata. Ta zo daga Lajawa da buhun gero ƙarami, da ƙullin kuka da daddawa, da kaza mai rai a kwando wadda direba ya yi ta mita a kanta. Aka ba ta gidan gaba saboda ƙafarta. Duk garin da muka wuce sai ta tambayi sunansa ta ce ta taɓa jin labarinsa. Ƙawata ta rako mu tasha, ita saura mata mako guda ta fara. Ta ba ni takardun tambayoyinta na kemistiri da ta ɗinke da zare, ta ce an ce ajin farko duk maimaici ne, za su yi mini amfani. Sun kuwa yi.

A makon farko aka haɗa ni ɗaki da wata 'yar garin, mai yawan surutu da kirki. Da ta ji daga Kano nake, ta riƙe baki tana mamaki. Ta ce yayarta a shekarar ta canza daga wannan jami'ar zuwa ta Kano, saboda wani ya tabbatar wa babansu cewa a can kujeru sun fi yawa, an fi samun shiga. Na tambaya ko ta samu. Ta ce ta samu, a lis na biyu. Na kira ƙawata na ba ta labari, na faɗa mata sunan yarinyar, ta ce ai ta san ta, a bayanta take zama a aji, kullum tana kukan kewar gida. Na ce ta riƙe ta da kyau, ta kai ta Wudil ran Juma'a ta ci kifi. Ta kai ta kuwa, har gidanmu, Umma ta yi musu dambu, suka kwana biyu suka koma ran Lahadi da yamma.